Me Za Ka Nuna Wa Baƙo a Lafiya?

Ya mai karatu, yau ba maganar farashin riɗi ko kan iyaka zan yi ba kamar yadda na saba. Wata 'yar kunya ce da na sha a hannun taubashina ta sa ni zama na yi wannan rubutu, kuma ina ganin duk wanda aka haifa a garin da ba nan ne asalin mahaifinsa ba zai gane inda na dosa.

Ni dai a Lafiya aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, a nan kuma nake taya Baba zaman shago. Shi Baba mutumin Maraɗi ne, ya sauko kudu a ƙarshen shekarun 1980 yana sayen riɗi da agushi da doya yana lodawa arewa, har Allah Ya sa ya yi aure ya zauna. To a Lafiya ana ce mini ɗan Nijar, in na je Maraɗi kuma a ce ga ɗan Najeriya ya zo. Na daɗe da sabawa da wannan.

Bayan da Najeriya ta sake buɗe kan iyakarta da Nijar a watan Maris na 2024, sai ɗan Gwaggona ya zo mana hutun mako biyu. Kwana biyu ya yi yana barci da cin sakwara, a rana ta uku ya dube ni ya ce, "To ɗan Najeriya, mi za ka gwada min a garin nan naku? Kai da ka zo na kai ka fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, na kai ka Tibiri, na kai ka tafkin Madarunfa." Wallahi sai na rasa ta cewa. Na kai shi kasuwa, na kai shi filin wasa inda Nasarawa United ke buga ƙwallo, muka zaga ta gaban gidan gwamnati, shi ke nan kayana suka ƙare. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe garin namu tashar mota ce kawai mai gwamna.

Wasan taubasai ne, amma maganar ta zauna mini. Shekara ashirin da 'yan kai ina shan ruwan garin nan, ban iya ba da labarinsa na minti biyar ba. Da daddare na tambayi Baba, ya tura ni wurin wasu dattawa abokan cinikinsa, na haɗa da ɗan abin da na karanta. Sauran kwanakin muka ƙarar da su a kan hanya. Ga abin da muka gani, da tarihin da ke bayansa.

Garin da baƙi suka kafa

Ƙofar fadar Sarkin Lafiya muka fara zuwa, wurin da nake wucewa a kan babur kusan kullum ban taɓa tsayawa ba sai ranar hawan Sallah. Cikakken sunan garin a da shi ne Lafiyar Barebari, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya maka labarin. Mutanen Barno ne, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, suka baro ƙasarsu suka yi ta tafiya kudu har suka yada zango a wannan yanki a ƙarshen ƙarni na 18. Ba daji suka tarar babu kowa ba. Akwai Alago da Migili da Gwandara da Eggon a kewayen, kuma a inda garin yake a yau an yi wani ƙaramin gari mai suna Anane.

A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Lafiya ta kasance tana bin Bauchi, yayin da Keffi da Nasarawa suke bin Zazzau. Wannan shi ne abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba: jihar da muke gani ɗaya a yau, a da rabinta Zariya take kai gaisuwa, wani ɓangaren Bauchi, wasu kuma ba su taɓa kai wa kowa ba.

Wanda ya ɗaga darajar garin a fagen ciniki shi ne Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903. A zamaninsa kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatake zuwa Loko, tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin, kimanin kilomita 90 daga nan. Loko kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a lokacin. Ta nan kayan Turawa ke hawowa tudu, ta nan kuma wani Bajamushe mai suna Paul Staudinger ya fara tafiyarsa a 1885, ya bi ta Nasarawa da Keffi har Zariya da Kano da Sakkwato. A 1903 Turawan Ingila suka amince da Musa a matsayin Sarkin Lafiya, aka shiga sabon zamani.

Daga nan sai sauye-sauyen da muka haddace a makaranta ba tare da mun damu ba: Lardin Binuwai a zamanin Turawa, Jihar Binuwai-Filato a 1967, Jihar Filato a 1976, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni. Waɗannan sauye-sauye biyu na ƙarshe sarki ɗaya ne ya gan su a kan karaga, wato Marigayi Alhaji Isa Mustapha Agwai na ɗaya, wanda ya hau a 1974 ya rasu a watan Janairun 2019. Bayansa aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya baro kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ya zo ya karɓi sarautar gidansu.

Da na gama zayyana wa taubashina wannan a ƙofar fada, sai na tuna masa cewa ai ita ma Maraɗin tasa haka take. Sarakunan Haɓe na Katsina ne da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 suka je suka kafa ta, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Wato daga garin 'yan gudun hijira Baba ya taso, ya sauka a garin matafiya. Ya ce in daina wa'azi mu ci gaba.

Gishirin Keana

In da za a ce in zaɓi wuri ɗaya tak da zan kai baƙo, to Keana zan zaɓa. Daga Lafiya ana bin hanyar Obi. Garin Alago ne, sarkinsu ana kiransa Osana, kamar yadda ake kiran na Doma Andoma. Tarihin baka na Alago ya ce daga Kwararrafa suka taso, kuma garuruwan nan biyu 'yan uwan juna ne: na Doma suka riƙe noma, na Keana kuwa gishiri ne ya tsayar da su, domin ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa a wurin mai gishiri ne.

Aikin gishirin na mata ne tun kaka da kakanni, kuma da rani ake yinsa. Mace za ta share fili ta baza ƙasa, ta riƙa yayyafa mata ruwan gishirin tana barin rana ta busar, har ƙasar ta sha ta ƙoshi. Sai ta kankare ta ta zuba a manyan tukwane masu huda a gindi, ta ƙara ruwan gishiri a kai, ya riƙa tsiyayowa a hankali cikin wani mazubi a ƙasa. Wannan tataccen ruwan shi ake ɗorawa a wuta, a yi ta tura itace har ruwan ya ƙone gishiri ya fito. Aiki ne na rana da hayaƙi da ciwon baya. Mun tsaya muna kallon layin tukwanen nan, taubashina da ke ta surutu tun safe ya yi tsit.

Dalilin shirun nasa na san shi. Mu mutanen arewa mun taso da labarin gishirin Bilma da azalai, ayarin raƙuman Abzinawa da ke ratsa Tenere. Ba mu san cewa a nan kudu ma akwai wata daular gishiri ba. Kafin gishirin Turawa ya fara hawowa ta kogi, gishirin Keana da na Awe da na Azara shi ne ke shiga miyar jama'a da yawa a kwarin Binuwai da tsaunukan da ke arewa da shi. Shi ya jawo fatake Hausawa zuwa wannan yanki tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Najeriya ko Nijar. Suna zuwa da tufafi da dawaki da kanwa, su koma da gishiri, wasu kuma ba su koma ba. Duk wanda ya je Awe a yau ya ji irin Hausar da ake yi a can ya san ba jiya aka fara ta ba.

Abin da ya kashe kasuwar ba ɓoyayye ba ne. Gishirin inji ya fi araha, ya fi fari, ga shi a leda a kowane shago, har da namu. Itacen dafawa ya yi tsada, 'yan mata kuma sun tafi makaranta, wanda ba laifi ba ne. Har yanzu ana yin bikin Oyarore a Keana don tunawa da wannan baiwa, amma yawancin matan da muka tarar a bakin aiki sun manyanta. Wata dattijuwa ta ɗebo mana a hannu ta ce, "Ku ɗanɗana, 'ya'yana." Muka saya ƙulli biyu, ɗaya ya tafi Maraɗi wurin Gwaggo.

Duwatsu biyu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Lafiya ya ga duwatsun Eggon, sun taso baƙi ƙirin a gefen titi kusa da Nasarawa Eggon. Matafiya kan ɗauki hotonsu ta tagar mota su wuce. Amma waɗannan duwatsu gidaje ne. A kansu mutanen Eggon suka zauna shekaru aru-aru, suna noma a 'yan filayen da suka gyara a jikin dutse, suna hango duk mai tahowa daga nesa. Ba don sha'awar iska suka hau can ba. A ƙarni na 19 mahaya daga masarautun da ke kewaye suna kai hari suna kama mutane bayi, dutse kuwa doki ba ya hawansa. Sai a zamanin Turawa, da hare-haren suka tsaya aka kuma yi hanya, jama'a suka riƙa saukowa suna kafa garuruwa a ƙasa.

Wannan bayani bai yi mini daɗin faɗa ba, domin fataken da nake alfahari da su a Keana, a cikin kayan da wasunsu suka yi ciniki har da mutane. Amma ina da abokai Eggon da muka zauna benci ɗaya a sakandare, kuma in zan nuna wa baƙo dutsen kakanninsu in ce masa kawai "dubi kyau", to na ci amanarsu. Wurin tarihi ba na daɗi kaɗai ba ne.

Dutse na biyu yana Keffi, mun tsaya a can ranar da na raka shi hanyar komawa. Keffi dai Abdu Zanga ne ya kafa ta wajen shekarar 1800. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya tura sojoji, Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, shi kuma Magaji ya ƙare a yaƙin Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yulin shekarar. Dutsen da ke Keffi har yau da sunan Baturen ake kiransa. Ka duba fa, mai karatu: abin da ya faru a wani ɗan fili a jiharmu yana cikin abubuwan da suka jawo faɗuwar Kano, amma yaro zai gama sakandare a Lafiya, kamar ni, bai taɓa taka wurin ba.

Tashar da jirgi ya daina zuwa

A cikin gari kuma akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Asalin wannan layi kwal ne. An gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, Turawa suka gina tashar ruwa a Fatakwal suka ja dogo zuwa Inugu a 1916, sannan suka ci gaba da shi arewa ta Makurɗi da Lafiya da Kafanchan, ya haɗu da layin Kaduna a 1927. Kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Dogon nan shi ya karkatar da ciniki daga Loko, shi ya kawo Ibo da Yarbawa da ƙarin Hausawa garin, shi ya kwashi riɗi da doyar wannan ƙasa zuwa nesa. Baba ya ce ya riski lokacin da ake jin kukan jirgi daga kasuwa. Ni ban taɓa ganin jirgi ya tsaya a nan ba. Abin da muka tarar ciyawa ce ta rufe dogo, awaki na kiwo a kai.

Farin Ruwa kuwa, da ke ƙaramar hukumar Wamba, shi ne wanda kowa ya sani a kalanda. Ruwa ne da ke gangarowa daga tsaunukan Filato ya faɗo daga tsayin da ake ƙiyastawa da mita 150, fari fat kamar hayaƙi, shi ya sa aka ba shi sunan. Mun je, mun sha wuyar hanya, ƙarshenta da ƙafa muka ƙarasa. Gani ya kori ji. Amma babu inda za ka zauna ka sha ko da shayi, babu mai yi maka bayani sai yaran ƙauyen da suka raka mu.

Abin da na gani a Swansea

Ban taɓa fita Afirka ba, kada mai karatu ya ɗauka wani abu. Sunan Swansea a gidan kallon ƙwallo na san shi, lokacin da ƙungiyarsu ke gasar Firimiya tsakanin 2011 da 2018. Bayan tafiyar taubashina ina ta neman yadda wasu garuruwa ke nuna kansu ga baƙi a intanet, sai na faɗa kanta. Birni ne a bakin teku a kudancin Wales, cikin Birtaniya, na biyu a girma bayan Cardiff. A ƙarni na 18 da na 19 yana cikin manyan wuraren narka tagulla a duniya, hayaƙi ya kashe itatuwa, dattin masana'antu ya taru tsibi-tsibi. Daga baya sana'ar ta mutu, jiragen Jamus kuma suka ragargaza tsakiyar birnin a watan Fabrairun 1941.

To me suke nuna wa baƙo yau? Suna da bakin teku mai kyau, gaskiya ne, kuma yankin Gower da ke kusa da su shi ne na farko da Birtaniya ta keɓe saboda kyawun halittarsa a 1956. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke tallar wahalarsu. A 2005 suka buɗe gidan tarihi a tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda aka ajiye injuna da labarin ma'aikata. Kangon masana'antar tagulla ma ba su rushe shi duka ba, ana zuwa kallo. Sannan akwai layin dogo tsakanin Swansea da Mumbles, wanda a 1807 ya zama na farko a duniya da ya ɗauki fasinja da kuɗi, doki ne ma ke jan taragon. An rufe shi tun 1960, amma har yau suna ba da labarinsa kamar jiya aka yi.

Wato su ma sana'arsu ta mutu, jirginsu ya daina tafiya, kamar mu. Bambancin shi ne sun rubuta, sun kafa allo, sun koya wa 'ya'yansu. Na san akwai bambancin arziki, ba na musun haka. Amma allon da zai ce "a nan kaza ya faru a shekara kaza" nawa ne kuɗinsa? Motar da za ta kai 'yan aji uku Keana sau ɗaya a shekara nawa ce? Mun fi kashe abin da ya fi haka a bikin ƙare makaranta.

Kammalawa

Lokacin da na gama sakandare na je wani ofishi neman takardar shaidar ɗan asalin jiha, wanda ke kan tebur ya dube ni ya ce, "Ina ne garinku na ainihi?" Na ce nan. Ya ce a'a, garin babanka. Na fito raina a ɓace, kuma ina jin tun daga ranar na ɗauke kaina daga garin, na riƙa zama a cikinsa kamar mai jiran mota. Shi ya sa ban san komai nasa ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ni kuma na yarda na zama raɓar.

Yawon nan na mako guda ya canza mini lissafi. Barebari daga Barno, Alago daga Kwararrafa, fataken gishiri daga Katsina da Kano, ma'aikatan dogo daga kudu, Baba daga Maraɗi: kowa da ranar da ya iso, wasu sun riga wasu da ɗaruruwan shekaru, kuma wanda ya riga yana da haƙƙin da ba zan yi jayayya da shi ba. Amma sanin gari da ƙaunarsa ba a neman takarda kafin a yi su. Ga 'yan uwana 'ya'yan baƙi da ke Lafiya da Keffi da Akwanga da Doma, shawarata ita ce kada mu jira sai taubashi ya zo ya yi mana dariya. Mu tambayi dattawan nan tun suna raye, musamman matan Keana, domin ranar da ta ƙarshe ta ajiye tukunyarta ba a intanet za mu samo abin da ke kanta ba.

Shi kuwa taubashin nawa, da muka rabu a tashar Keffi ya ce ya janye maganar tashar mota, amma har yanzu tafkin Madarunfa ya fi. Na ce ya dawo da rani mu je Awe da tafkin Hunki, sannan mu yi hukunci. Gwaggo ta aiko cewa gishirin ya ƙare, a ƙaro.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.